Naman da Ban Ci Ba a Gidan Ubana

Makomar duniyar nan tana cikin kwanon miya. Abin da mutum ya sa hannu ya tarar a ciki, tsoka ce ko wake, shi zai nuna ko jikokinsa za su sami inuwa da ruwan sha. Na koyar da labarin ƙasa a makarantun Kafanchan har furfura ta cika mini kai, na zana koguna da duwatsu a allo har alli ya cinye mini farce, kuma a duk abin da na koyar wannan ne kaɗai zan iya tsayawa a kai gaban kowa.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne na gaji da amsa tambaya. Tun da na dawo daga ƙauyenmu da ke bayan Nok, ba a tashi sujada ba tare da wata cikin matan zumunta ta ja ni gefe ba: "Malama Rahila, wai da gaske kin je kin kai ɗan yayanki ƙara kan gona?" Ban kai kowa ƙara ba. Ga yadda aka yi, wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Bayan na yi ritaya na sami abin da aiki ya hana ni, wato lokacin karatu. Na karanta yadda ake sare dazuzzuka a wasu ƙasashe don a shuka abincin dabbobi, da yadda dabba take cinye hatsi mai yawa kafin ta ba da nama kaɗan, da yadda iskar da shanu ke fitarwa take ƙara wa duniya zafi. Da a takarda abin ya tsaya, da na rufe littafin na ɗora farfesu. To amma ina bin bayan wata mayanka in zan je kasuwa. Rafin da muka yi wanki a ciki muna sababbin malamai yanzu jini ne da tumbi da ƙudaje, ga hayaƙin tsofaffin tayoyi da ake babbaka fata da su. Wata rana na dawo gida na ce na bar nama. Na koma wa wake da awara da acca da daddawa. 'Ya'yana suka ce hawan jini ne nake ɓoye musu. Fasto ya ɗauka azumi ne, har ya yaba mini a gaban jama'a. A Kafanchan an yarda tsohuwar malama ta yi hauka guda ɗaya, muddin ba ta taɓa kowa ba.

Ana nan sai Yaya Ladi ta kira ni. Matar marigayi yayana ce, ita ce uwar Bulus, wanda ke riƙe da gidan ubanmu yanzu. Bulus manomin citta ne. Da cutar nan ta shigo ta ruɓar da citta a cikin ƙasa, sai ya koma kiwon aladu, kiwon kuma ya karɓe shi. Yanzu ya sauke bulo zai gina sababbin ɗakunan aladu a gangaren gonarmu, daidai saman idon ruwan da matan unguwa suke ɗiba, kuma sai ya sare ɗorawar da ke wurin.

"Na yi magana ya ce tsufa ne," in ji Yaya Ladi. "Ki zo ki yi masa da Turanci, ko zai ji."

Na cika kula da awara, na ɗauki lema, na nufi tasha. Hankalina bai kwanta ba tun daga ƙofar gida, don bulo ba ya jiran kowa, mai gini in ya sami siminti ya gama magana.

Na yi kuskuren fita ranar kasuwar aladu. Hanya duk manyan motoci ne, an jera aladu a kwance a ɗaure, za a yi kudu da su, kukansu har cikin haƙori. Motarmu ta Kwoi kuwa ta ƙi cika. Na zauna, na fito, na koma, na tambayi ɗan kamasho saura mutum nawa har ya daina juyowa. Rana ta karkata kafin na ƙarshe ya zo, wani ƙaton mutum mai fara'a da buhu a hannu, buhun yana motsi. 'Yan aladu ne ya sayo. Aka cusa wasu a but, ɗaya kuma ya ce ba ta da lafiyar zafi, ya ajiye ta a ƙasa tsakanin ƙafafunsa da nawa.

Malami ba ya ganin mutum a zaune kusa da shi ya ƙyale. Kafin mu bar gari na fara masa bayani a kan hatsin da alade ke ci da ruwan da yake ɓatawa. Ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai.

"To Mama, kai me kake ci?"

A wajenmu ba a damu da raba namiji da mace a Hausa ba, na daɗe da ajiye jan biro a kan wannan. Na buɗe kula na miƙa masa awara. Ya ci ɗaya, ya ci ta biyu, ya lashe yaji.

"Yana da daɗi," ya ce. "In an sa nama a gefe zai yi kyau sosai."

Direba ya yi dariya har motar ta kusa barin kwalta.

A Kagoma taya ta yi faci. Muka fito muka tsaya a gindin mangwaro, mata suka kewaye mu da doya da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Mutanen Kagoma suna da wata ɗabi'a da ba mu da ita a Kafanchan: in ka taya kaya ka fasa saye, ba sa bin ka da harara, sai su tambaye ka ina za ka, wa za ka gani, lafiya dai ko. Wata tsohuwa mai doya ta ji ina zan je da abin da zai kai ni, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ruwa da alade ba sa zama wuri ɗaya, amma ɗan yayanki ai ba zai ci ruwa ba." Na ce mata an gode. Hadari yana haɗuwa ta gabas, direba kuwa ya tafi neman aron jak kamar wanda ya je ziyarar surukai.

Sai iyakar ƙasar Jaba, inda Kwoi take. Wanda bai taɓa fita ƙasar waje ba kada ya ji haushi, ya bi hanyar nan ranar kasuwa, zai ga duk abin da ake gani. Akwai katako mai ƙusoshi a kwance a hanya, akwai samari da riguna masu haske, ba wanda ya san wa ya aiko su, kuma kuɗin harajin dabba suke nema. Tun daga nesa mai aladu ya sunkuya ya tura buhun nan ƙarƙashin ƙafafuna, ya ja gefen zanena ya rufe.

"Ba sa duba tsofaffi," ya ce a hankali.

Kafin in buɗe baki mun tsaya. Aka buɗe but, aka yi ciniki a kan na ciki. Wani mai gemu ya leƙo ta taga, daidai lokacin da abin da ke ƙarƙashin zanena ya ga dama ya yi kuka. Mai gemu ya dubi zanen, ya dube ni, sai ya cire hula.

"Malama, ke ce? Kin koyar da ni a aji uku."

"Na gane ka," na ce, ban kuwa gane shi ba.

"Malama ta fara kiwo ke nan. Allah ya sa albarka. Direba, wuce."

Haka na tsallaka da alade zuwa ƙasar Jaba a ɓoye, ni da na fito yaƙi da nama.

Ruwa ya sauko kafin mu shiga Kwoi, masu mashin suka ce hanyar ƙauyenmu sai gobe in rafi ya janye. Na sauka gidan Hannatu, tsohuwar abokiyar aikina wadda ta koma gida bayan ritaya. Ban gama cire takalmi ba na ji kaji suna ihu a bayan gida, mijinta yana bin wani zakara da sanda cikin ruwan sama. Na fita da lema na roƙi ran zakaran. Hannatu ta san ni tun muna raba alli ɗaya, ta yi tsaki ta ce a ƙyale shi. Ta dafa gwaten acca da yakuwa da gauta da gyaɗa, irin wanda iyayenmu suka girma da shi ba wanda ya kira shi abincin masu ilimi.

Muna ci muna tuna da. Muna yara nama baƙo ne, yana zuwa da Kirsimeti, ko in maza sun dawo farauta, ko an yi rasuwar babba. A ba yaro tsoka ɗaya ya riƙe ta a hannu har ya gama tuwo, ya fita da ita waje don a gani. Yanzu ba a binne mutum sai an kayar da saniya, kowa ya tafi gida da roba, in babu nama biyu a ciki a ce iyalan ba su girmama mamaci ba.

"Duk na yarda," in ji Hannatu. "Amma gobe in an sa miki nama, ki ci."

"Zan yi musu bayani."

"Rahila, a gidana kin ƙi zakara, na san kanki ne ba daidai ba. Can gidan ubanki ne. Kin daɗe a gari."

Na ce mutanenmu ba jahilai ba ne. Ta ce ita ma ba ta ce jahilai ba ne. Ta shimfiɗa mini a ɗakin da suke tara buhunan citta a da. Babu buhu ko ɗaya, sai ƙamshin da ya kama bango. Na kwana ina juyi ina shirya jawabi, da gabatarwa da misalai da kammalawa.

Da safe mai mashin ya ɗauke ni ta Nok. Baƙi suna zuwa garin nan daga nesa don tsofaffin gumakan yumɓu, mu kuwa hanya ce kawai, mai santsi. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa, sau ɗaya kuma mashin ne ya sauke ni ba shawara. Gonakin da na sani da citta duk sun koma masara, mai mashin ya ce masu gidan kaji ne suke saye tun tana gona. Tun kafin in hango rufin gidanmu hancina ya gaya mini mun iso.

An taru. Yaya Ladi ta gaya wa Bulus ina zuwa, ba ta gaya masa dalili ba, shi kuma ya yi abin da ɗan kirki yake yi in ƙanwar ubansa za ta zo gida bayan shekaru: ya yanka alade, mafi ƙiba a garken. Matan unguwa suna ta aiki, hayaƙi ya tashi, an fito da kujerun majami'a. Baba Dogo, ƙanin kakan Bulus, wanda shi ne babba a zuriyarmu yanzu, yana zaune a inuwa da sandarsa. Bulus ya rungume ni, ya rame, idonsa irin na yayana.

"Anti, sannu da hanya. Kin ga yadda Ubangiji ya juya mana abin? Da citta ta tafi na ce mun mutu."

Aka yi addu'a. Sai ga Bulus da kansa ya durƙusa ya ajiye kwano a gabana, hanta da wani yanki na baya wanda a gidanmu rabon 'yar gida ce da ta yi aure. Kowa yana jira in fara, don ba mai sa hannu sai na sa.

Na tura kwanon gefe a hankali, na ce na gode, amma na bar cin nama. Na ciro kulata na buɗe sauran awarar jiya. Daga nan na shiga gabatarwa.

Ban kai ga misali na farko ba na lura ba mai kallona. Kwanon suke kallo, da kular. Na yi shekaru a gari har na manta abin da kowane yaro a ƙauyen ya sani. A wajenmu ba a ƙin abincin ɗan'uwa don ƙoshi ko don ra'ayi. Wanda ya ture kwano a gidan danginsa, ya kuma fito da abincin da ya zo da shi, ya faɗi abu biyu ba tare da ya buɗe baki ba: akwai magana tsakaninmu, kuma ban amince da hannunka ba.

Bulus ya miƙe. Muryarsa ba ta tashi ba. "Anti, ni zan sa miki wani abu a abinci?"

"Ba haka ba ne, ɗana. Zancen duniya nake yi, da dazuzzuka, da..."

"Wace duniya? Nan gidan babanki ne."

Baba Dogo ya buga sanda a ƙasa. Ya ce shi ya gane, kuma dama yana jiran ranar. Ya ce ɗorawar da ke saman idon ruwa, ubanmu ya faɗa a gabansa cewa ta 'ya'yansa mata ce, su riƙa ɗibar kalwa suna daddawa ko suna gidan miji. Ya ce yaro ya sauke bulo a wurin bai tambayi kowa ba, ga mai abu ta zo ta ƙi cin abinci, magana ta fito ke nan. Ni kuwa wannan ne farkon jina cewa ina da itace a duniya.

Na ce Baba ba gona na zo nema ba, nama ne kawai ba na ci. Ya ce, "Haka ake faɗa." Na ce da gaske nake, likita ma bai hana ni ba, ni na ga dama. Wata mata a baya ta ce, "Kun ji ko, ba ma ciwo ba ne." Duk ƙofar da na buɗe don in fita, sai ta kai ni cikin ɗakin.

Tsohon ya tashi, muka bi shi har gangare. Ya sa aka sare reshe, ya kafa shi a tsakiyar bulon, ya ɗaura masa ganye. Ma'anarsa kowa ya sani: ba gini, ba sara, har sai dangi sun zauna. Dangi kuwa ba sa cika sai Kirsimeti.

Idon ruwan yana nan yadda na bar shi, yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, sanyi kamar an ajiye shi a randa. Na tsaya ina kallonsa, ina kallon reshen. Abin da na zo nema na samu, ko jimla ɗaya ta jawabina ba a ji ba.

Da la'asar na sami Bulus a tsofaffin ɗakunan aladu yana zuba musu dusar burkutu. Sun cunkushe, ƙanana suna hawa kan manya. Bai juyo ba.

"Ku ne kuke ci a gari," ya ce. "Ranar kasuwa ki tsaya ki ga motocin. Mu wari kawai muke sha. Yanzu da na sami abin da zan riƙe yara a makaranta, sai a ce ina ɓata duniya."

Na ce ban ce shi ne ya ɓata ta ba. Na ce kashin aladu in ya bi ruwan sama ya gangara, 'ya'yansa ne farkon sha. Na ce ya kai ginin kan tudu, tsohuwar gonar citta, kashin ya zama taki.

"Ruwan da aladun za su sha da na wanke ɗaki fa? Ke za ki riƙa hawa da shi a kai?"

A littattafan da na karanta ba wanda ya ɗauki jarka ya hau tudu.

"Kwanon yana nan an rufe miki," ya ce. "In kin ci a gaban Baba, zai cire reshen yau. Mai gini yana jirana."

Na san gaskiya ya faɗa. Tsoka ɗaya, a cire reshe, ɗan yayana ya daina kallona kamar baƙuwa, bulo ya hau. Na tsaya a wurin har sauro ya fara cizo. Na tuna shi yana jariri a bayana. Na tuna matan da na gani da safe suna hawowa da bokitai. Ban ci ba. Ban kuma sake cewa ba rigima nake yi ba, na bar su da fassararsu, tunda ita ce ke riƙe da reshen.

Yaya Ladi ta raka ni bakin hanya washegari. Ta ce, "Na ce ki yi masa Turanci, ban ce ki raba gida ba." Sai ta matse mini hannu, ta cusa mini ƙullin daddawa a jaka. Bulus bai fito ba. Tun da na dawo na kira shi, yana ɗauka, ya ce "Anti ina kwana," ya amsa abin da na tambaya, ya yi shiru har in gaji in kashe. Na aika a tambayo mini masu haƙa rijiya ko tudun nan yana da ruwa, har yanzu ba su je ba. Ina kwana ina tashi da abin, ban san me dangi za su yanke ba.

Sharaɗin zaman dai Baba Dogo ya aiko mini da shi. Wanda ya ture kwano shi ke kawo dabbar sulhu, a yanka, ya fara ci a gaban kowa kafin a buɗe magana. Na sayi akuyar makon jiya, tana ɗaure a bayan gida, ta riga ta cinye mini zogale.